Matar da ke Jikin Takardar Talla

Pahoua Moua ta sauko daga bas da gudu, rungume da takardar digirinta da ta ciro daga bangon falo, har da gilashin. Ƙarfe uku da rabi. Ƙarfe huɗu asibitin zai rufe karɓar masu neman shugabancin sashen numfashi, kuma tun safe aka turo mata saƙo wai ba ta da digiri.

Shekararta goma sha uku tana jona wa marasa lafiya na'urar numfashi a wannan asibiti na birnin Fresno, a Amurka. Duk wanda aka ɗora mata a matsayin shugaba, ita ta koya masa aikin. Abin ya ishe ta, shi ya sa ta koma karatu tana da shekara arba'in.

A ofishin ɗaukar ma'aikata ta tarar da Keaton, wani saurayi mai tsabta da ya rataye tutar jami'arsu a bayan kujera. Ta dire masa gilashin a tebur.

"Karanta min wannan, ƙanena."

Ya karanta, ya sosa ƙeya. "Malama, ai kwalejin gari ce. Difloma ta shekara biyu suke bayarwa."

"Haka aka rubuta a nan?"

"A'a, cikakken digiri ne, amma kwamfuta da ta ga sunan kwalejin..."

"Kwamfutar ce ta yi karatun ko ni?"

Ta kalli agogo. Saura minti goma sha takwas. Ta kasa zama. Keaton ya danna nan, ya danna can, ya ce shugabarsa kaɗai ke iya buɗewa, ita kuma tana taro. Ba mugu ba ne. Kawai a duniyarsa digiri yana fitowa ne daga inda ake da filin ƙwallo da ɗakunan kwanan ɗalibai.

"Wallahi abin da ciwo," in ji shi, yana son ya lallashe ta. "Jami'a huɗu muka zaga bana muna neman masu jin yaren marasa lafiyarmu. Mutum biyu muka samu."

Dariyar takaici ta kuɓuce mata. "Ajinmu mu goma sha tara ne. Akwai mu 'yan ƙabilar Hmong, akwai 'yan Punjab, akwai 'ya'yan masu tsinkar inabi, har da tsohon soja mai jikoki. Kwalejin kuwa tasha shida ce daga nan a bas."

Ya tura mata takardar tallar da suke rabawa a jami'o'in, don ta ga ba ƙarya yake ba. Ta ɗauka ta duba. A bangon takardar wata mata ce cikin shuɗin kayan aiki tana murmushi, an rubuta a ƙasa: Irinki muke nema. Ta tuna ranar. Shekara uku ke nan, aka tare ta a baranda aka ce ta ɗan yi dariya.

Ta jera takardar kusa da digirin, ta juya su suna fuskantarsa.

Keaton ya kalli hoton, ya ɗago ya kalle ta. Kunnuwansa suka yi ja. Saura minti tara, ya miƙe zai je ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin taron.

"Tafi da su duka biyun," ta ce. "In ba ta yarda da ɗaya ba, ɗayar ai ku kuka buga ta."