Mayafin da Babu Jan Zare

Sadiatu ba ta taɓa zaton akwai masu riƙo irin 'yan zangon Kumasi ba, sai da ta kama aikin jinyar tsoho Alasta MacDonald a Annandale. Mutumin nan ya baro ƙasarsu Sikotlan tun yana saurayi, ya yi aiki a Amurka, ya haifi 'ya ɗaya mai suna Martha, ya binne matarsa, ƙwaƙwalwarsa ta fara zubewa har yakan manta ya ci abinci ko bai ci ba. Amma abu ɗaya bai taɓa mantawa ba: abin da dangin Campbell suka yi wa danginsa shekaru fiye da ɗari uku da suka wuce.

Kullum da safe, tana ba shi kununsa na hatsin Turawa da ake ce wa ots, wanda da gishiri yake sha ba sukari ba, sai ya ɗaga cokali ya fara. Wai sojoji ne 'yan Campbell suka zo kwarinsu cikin tsakiyar sanyi, aka sauke su, aka ba su wuta da wurin kwana, suka yi kwanaki suna cin abincin gida. Rannan da asuba suka tashi suka karkashe masu masaukinsu.

"Sun ci gishirinmu, Sadi," haka yake cewa, idonsa ya kaɗa. "Sun ci gishirinmu!"

Ko miyar gwangwani ce, in dai da sunan Campbell a jiki, ba ta shiga gidan. Da fari abin dariya yake ba ta. Daga baya ta daina dariya, don ita ma ta san zafin a ci amanar mutum a cikin ɗakinsa.

Shi ne ya koya mata sha'anin yadinsu mai gida-gida, wanda suke ce wa tatan. Kowane dangi da nasa zanen, kamar dai anko, sai dai shi ba na biki ɗaya ba ne, na har abada ne. Na gidansu kore ne da shuɗi, da jan zare yana ratsawa. Na Campbell ma kore da shuɗi ne da baƙi, amma babu ja. Wata shekara, ranar zagayowar haihuwarsa, ya sa aka ɗauko mayafin marigayiya matarsa, ya yafa wa Sadiatu da hannunsa, ya ce daga yau ita ma 'yar gida ce. Ta shiga banɗaki ta yi kukanta, ta fito ta ci gaba da wanke-wanke.

To, ana nan sai ga Farhana. Yarinya ce daga layinsu a Kumasi, uwarta ta kira Sadiatu tana magiya a taimaka. Sadiatu ta je filin jirgi ta ɗauko ta, ta kai ta gidanta a Manassas, ta ba ta ɗakin ɗanta, ta saya mata rigar sanyi, ta koya mata hawa bas da yadda ake juya majinyaci ba tare da an karya bayan kai ba. Wake da shinkafar da Farhana ta ci a gidan nan, Allah kaɗai ya san yawansa. Anti kaza, Anti kaza, baki kamar zuma.

Da mahaifiyar Sadiatu ta rasu, ta tafi gida zaman makoki, wa za ta bari a wurin tsoho in ba 'yar da ta raina ba? Ta nuna mata komai, har yawan gishirin kunu.

Ta dawo ta tarar da makullinta ba ya buɗe ƙofar gidan tsoho. Martha ce ta fito, ta tsaya a bakin ƙofa, ko shigo ba ta ce ba. Wai an sanar da ita Sadiatu tana barci a bakin aiki, tana tsallake maganin rana, tana yi wa babanta tsawa. Wai ta gode da hidimar shekaru, amma Farhana za ta ci gaba. Ta bayan labulen falo Sadiatu ta hango gefen ɗankwalin Farhana, ya leƙo ya koma.

Barci a bakin aiki! Ita da ko fitsari ba ta zuwa sai ta bar ƙofa a buɗe don ta ji motsinsa! Ko sallama ba a bari ta yi da shi ba. Ta koma Manassas ta tarar Farhana ta riga ta kwashe kayanta, har da rigar sanyin.

Ta samu wani aikin a Largo, aikin goge-goge a asibiti, tafiya mai nisan tsiya. Duk safiya in ta shiga jirgin ƙasa, abu ɗaya take saƙawa: sai ta fitar da yarinyar nan daga gidan, ta koma kujerarta kusa da gadon tsoho. Mijinta Nasirudeen ya ce ta bar wa Allah. Ta ce ta bar masa, amma ita ma ba a ɗaure hannunta yake ba.

Damar kuwa ta zo da kanta a wani gidan suna. Farhana ta shigo cikin leshi, da sabuwar jaka, ta hango Sadiatu, ta ɗan yi turus, sannan ta ƙaraso ta durƙusa.

"Anti, ina wuni. Wallahi ina ta son in zo, aiki ne ya yi yawa."

"Lafiya lau, 'yata. Ya jikin tsoho?"

Kai, Sadiatu ma ta yi mamakin yadda muryarta ta fita sumul. Farhana ta ga fuska a sake, sai baki ya buɗe. Ai tsoho yana nan, wani lokacin ma Sadi yake kiran ta. Ai Asabar ta farkon Disamba za a yi faretin 'yan Sikotlan a Alexandria, kowane dangi da tutarsa, Martha ta ce bana za a fito da tsoho, ita Farhana za ta tura shi a kekensa na marasa lafiya a sahun gaba.

"Anko ma za a yi, Anti. Wannan yadin nasu mai gida-gida. Martha ta ce in nemi ko ɗan mayafi ne, ni kuwa ban san inda ake samu ba."

Sadi yake kiran ta. Maganar nan ta tsaya wa Sadiatu a ƙahon zuci. Ta ajiye kofin zoɓon da ke hannunta a hankali.

"Haba, ina raye za ki sha wahalar nema? Ina da wanda ya ba ni da hannunsa. Me zan yi da shi yanzu? Zan aiko miki."

"Allah ya saka, Anti! Na san ba ki da riƙo."

Washegari Sadiatu ta hau mota har Alexandria, ta shiga wani shago da ke sayar da kayan 'yan Sikotlan. Baturiyar shagon ta tambaye ta na wane dangi take so. Ta ce Campbell. Ta faɗi sunan a hankali, tana jin daɗinsa a baki. Aka warware mata mayafin a kan tebur, ta bi shi da yatsa layi-layi, ta tabbatar babu ja ko ɗigo. A gida ta wanke shi don ƙamshin sabunta ya fita, ta goge, ta turara shi da turaren wuta, ta naɗe a leda. Ta haɗa da saƙon baki: ta sa shi a ƙarƙashin rigar sanyi, kar ta fito da shi sai an jeru, don tsoho ya gan shi ba zato ya ji daɗi.

Ranar faretin ta yi ƙarya a wurin aiki, ta ce ciwon kai. Ta samu wuri a jikin wata fitilar titi, ta ja hular sanyi har gira. Gari ya cika maƙil. Ga ƙarti majiya ƙarfi cikin ɗan zanensu iya gwiwa, ƙwauri a waje cikin wannan sanyi, ga masu busa algaitarsu mai salka a hammata, kumatu sun yi suntum, ga karnuka ma an sa musu riga. Da wata rana ce da ta sha kallo. Yau mutum ɗaya take nema.

Can ta hango tutar gidan MacDonald. Ga tsoho a kekensa, an rufe masa ƙafa da bargo, an sa masa hula mai gashin tsuntsu. Ya rame. Wuyan rigarsa a karkace, ba wanda ya gyara. Wannan kaɗai ya ƙara tunzura ta. Martha tana can gaba tana ɗaukar hoto.

Farhana ta zuge rigar sanyinta, ta zaro mayafin, ta yafa shi a kafaɗa, ta baza shi sosai kowa ya gani. Wata tsohuwa a sahun ta dube ta, ta taɓa wadda ke kusa da ita. Wani mai gemu ya yi 'yar dariya ya girgiza kai, don su yawancinsu abin ya zama na barkwanci. Farhana ta ɗauka yabo ne, ta washe baki. Ta buɗe filas, ta zuba shayi a murfi, ta zagayo gaban keken ta sunkuya, gefen mayafin ya sauka a kan hannun tsoho.

Ya dubi yadin. Ya kama shi da yatsu biyu, ya kai kusa da ido, yana neman abin da babu. Sannan ya ɗago ya dubi kofin da ake miƙa masa.

Ihun da ya yi har masu algaita na kusa sai da suka waiwayo. Ya make kofin, shayi ya wanke wa Farhana ƙirji.

"Ku tashi! Suna cikin gida! Ku ɗauki yara, suna cikin gida!"

Farhana ta ja baya tana ba shi haƙuri, ba ta ma san laifinta ba. Tsohuwar nan ta fizge mayafin daga kafaɗarta tana nuna mata da yatsa. Martha ta rugo, fuska jawur, tana tambayar wa ya ba ta wannan, wa ya ba ta. Jama'a sun yi cirko-cirko, wayoyi sun tashi sama.

Wallahi a wannan lokacin Sadiatu ta ji daɗi. Daɗi na gaske, tun daga ƙirji har tafin ƙafa. Ta ce a ranta, sha, 'yar nema, sha, ai kin iya shiga gidan mutane. Dariya ta taso mata, ta toshe baki da safar hannu.

Dariyar tana bakinta tsoho ya yunƙura zai gudu. Mutumin da ya daɗe bai tsaya da ƙafarsa ba. Ba wanda ya ɗaura masa bel ɗin keke, abin da ita ba ta taɓa mantawa ba. Ya kife a kan dutsen titi, ta ji ƙarar daga inda take. Ta yi taku biyu za ta je, ta tuna ba a san tana wurin ba. Ta tsaya tana kallo har motar asibiti ta tafi da shi.

An kori Farhana a ranar. Ta kira Sadiatu tana kuka tana tsinuwa, Sadiatu ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Kin gama? Gaishe da mamanki," ta kashe. Farhana ta gaya wa Martha wadda ta ba ta mayafin, amma wa zai yarda da ita? Ai Martha ta sha ganin mayafin mahaifiyarta a kafaɗar Sadiatu, kuma da jan zare.

Bayan sati biyu Martha ta kira da kanta. Ta ba da haƙuri, ta ce ta gane an yi mata ƙarya. Sadiatu ta gyara zama, tana jiran a ce ta dawo ranar Litinin. Sai Martha ta ce ƙugu ne ya karye, an kai shi gidan kula da tsofaffi, ba zai koma Annandale ba, gidan ma za a sayar. Kuma tun ranar ba ya karɓar abinci daga hannun kowa, sai ƙarin ruwa. Ko za ta daure ta je ta gwada?

Ta dama kunun da kanta, da gishiri daidai yadda yake so. Ta buɗe akwati ta ciro mayafin gaskiya, ta yafa. A hanya tana ta gaya wa kanta cewa da ya gan ta shi ke nan, zai ci, zai warware, ita za ta riƙa zuwa kullum ko ba a biya ta ba.

Ta same shi ya juya wa ƙofa baya, ya zama ɗan mitsitsi a cikin bargo. Ta zagaya, ta ja kujera, ta buɗe kwano.

"Baba, ni ce. Ga kununka."

Ya dube ta, babu alamar sani. Idonsa ya sauka kan mayafin, ya miƙo yatsa ya bi jan zaren a hankali. Ta matso kusa. Sai ya damƙe yadin, ya ja shi da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

"Ina kika samo wannan? Na Sadi ne. Me kuka yi mata?"

"Ni ce Sadi, Baba. Dube ni da kyau."

Ta ɗebo kunun, ta hura, ta kai bakinsa. Ya datse leɓe, ya kau da kai wajen bango, mayafin yana ƙudundune a ƙirjinsa.

"Tafi da abinki," ya ce. "Sadi nake jira. Ita ba ta cin amana."

Ta zauna riƙe da cokalin har kunun ya huce ya yi fata a sama.