Motar da ke Cikin Hoto

Tun da Malam Sale ya ɓoye hoto na biyu, ranar ta fara karkacewa, shi dai bai sani ba tukuna.

Kwana huɗu ke nan Rilwanu, ɗansa na fari, bai kwana a gida ba. Ya bar jami'a ba shawara, Malam Sale ya ce masa gidan nan ba na 'yan zaman banza ba ne, shi kuma ya ɗauki jakarsa. Wayarsa tana shiga, ba ya ɗauka. Da safiyar nan ƙanwarsa Hanifa ta turo wa uban hotuna biyu da yayan ya ɗora a shafinsa. Na farko hannu ne a kan sitiyarin wata tsohuwar mota ja mai buɗaɗɗen sama. Na biyu shi ne tsaye a jikinta, kansa da kitso, kunnensa da ɗan kunne.

Malam Sale bai je aiki ba. Ya nufi titin Gate City Boulevard, garejin Nathan, wani makaniki mutumin Jos da tsofaffin motocin wannan gari na Turawa suke bi ta hannunsa.

"Malam Sale, yau kuma da sassafe? Toyotarka ce ta sake tari?"

"Duba mini wannan. Wace mota ce?"

Nathan ya goge hannu ya karɓi wayar. "Mustang ce. Ja guda biyu nake dubawa a garin nan, 'yar sittin da biyar da 'yar sittin da shida. Ka ga agogunan gabanta guda biyar, zagayayyu? Yawanci ta sittin da shida ce haka. Ta wani likita ce a unguwar Irving Park. Babu hoton da ya nuna gefenta?"

Yatsan Malam Sale ya kai kan wayar ya tsaya. Nathan ya ci naman sunan yaron nan. Yanzu a nuna masa kitso da ɗan kunne?

"Babu," in ji shi.

"Hannun wa ye wannan?"

"Wani yaro ne."

Nathan ya dube shi. Ya rubuta masa adireshi a bayan kwalin fulogi.

A Irving Park ya zaga layin sau uku kafin ya iya tsayawa. Gidajen manya ne, shiru kamar ba kowa, shi kuma da hularsa da tsohuwar Toyota. Matar likitan ta buɗe ƙofa rabi. Da ya gama bayani da Turancinsa mai tuntuɓe, ta ɗaga masa ƙofar gareji. Ga motar nan a lulluɓe, ƙura a kan mayafin. Ta ce tun bazara ba wanda ya tashe ta.

Ya koma mota ya zauna. Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata. Ya tura wa Nathan hoto na biyu, ya kife wayar a kan cinya.

Ba a yi minti ɗaya ba ta yi ƙara.

"Malam Sale, me ya sa ba ka nuna mini wannan tun ɗazu ba? Dubi bayan ƙofa, gaban tayar baya. 'Yar sittin da shida tana da ƙarafa uku a kwance a wurin, kamar yatsu. Wannan babu. Sittin da biyar ce, irin wadda aka yi wa ciki na musamman, shi ya sa agogunan suka ruɗe ni."

"Ta wa ce?"

"Wani tsoho a unguwar Sedgefield. Ya ba jikarsa ita, a Texas take. Ya ce mini yau za a tafi da ita." Sannan ya ƙara da cewa, "Kitson ma ya yi masa kyau. Yi sauri."

Kowace danja ta tare shi. Ya yi ta buga sitiyari da tafin hannu yana salati.

Garejin tsohon a buɗe yake. Babu komai ciki sai ɗigon baƙin mai a kan siminti, bai ko bushe ba. Tsohon Baturen yana zaune a kujerar roba, sanda a tsakanin ƙafafunsa.

"Kai ne babansa? Kun yi saɓani, rabin awa ke nan da tashinsa, shi zai tuƙa motar ya kai wa jikata a Texas." Ya yi murmushi. "Wata biyar yana zuwa nan, shi ya tashi injin nan da hannunsa. Ya ce kai ka koya masa sauraron inji tun yana ƙarami."

Malam Sale ya dubi ɗigon man da ke kan simintin. Sunan yaron ya zo bakinsa, bai saba faɗinsa ba.

"Yaushe zai dawo?"

"Na saya masa tikitin jirgi na dawowa. Ya ce kada a sa rana."

Ya tsaya a bakin garejin ya fito da waya. Ya buɗe hoto na biyu, ya faɗaɗa shi, ya wuce bayan ƙofar motar ya tsaya a kan fuskar. Sannan ya rubuta da yatsa ɗaya: "Ka duba ruwan lagireto duk inda ka tsaya. Tsohuwa ce." Ya tura.

Alama ta nuna an karanta. Amsa ba ta zo ba.

Yanzu ya san shekarar motar, ya san hanyar da ta bi. Ranar da za a sa a tikitin ce bai sani ba.