Murya Daga Kicin

Tela bai taɓa son kwamfuta ba, kuma bai ɓoye wa kowa ba. 'Yarsa ce ta matsa. Tun da matarsa ta rasu bara, wayarsa ma ta fara bin sahu, fuska a tsage, batir na mutuwa kafin a gama gaisuwa. 'Yar, da ke aure can nesa, ta ce ya sayi laftof su riƙa ganin juna da jikoki. Ya ce to, don a zauna lafiya. Amma abin da ya tashe shi daga kan keken ɗinki daban ne. Saƙon murya ɗaya tak ya rage masa na matarsa, 'yar ta zuba masa shi a filash kafin ta koma. Sifikar wayar ta mutu, wata da watanni ke nan bai ji muryar ba, gidan kuwa ya yi masa shiru har ya ishe shi.

Mai shagon kwamfutar da ya je mutum ne mai baki kamar rediyo. Ya jera kwamfutoci uku a kan kanta, ya shiga zuba.

"Baba, wannan gudu gare ta, kana taɓawa ta buɗe."

"Ba tsere zan shiga ba, ɗana. Wacce ta fi iya magana?"

"Au, sauti kake so? Ai sai ka sa iyafis."

"Na gwada. Mutum a cikin ƙwaƙwalwarka yake magana. Ni a ɗaki nake so in ji."

Mai shago ya kai hannu zai kunna kiɗa. Tela ya miƙa masa filash ɗin, wanda ya ƙulle a ƙyalle kamar yadda yake ƙulle allura. Aka soka shi a ta farko.

"Mai keke," in ji muryar, "in ka gama sayen zaren ka biyo da sabulu. Kuma ban da tsayawa surutu, abinci na hucewa. Ka ji ko? Na san ba ka ji ba."

Ƙara kam akwai, har wata mata da ke duba caja ta waiwayo. Tela ya yamutse fuska.

"Wannan ba ita ba ce. Kamar an cusa ta a gwangwani."

Mai shago ya dube shi, ya dubi filash ɗin, bai tambaye shi ko wace ce ba. Bakin nan nasa dai ya ragu. Ya janyo ta biyu, siririya mai sheƙi, ya nuna ƙananan ramuka a gefe da gefen madannai.

"Wannan sama take fitar da sauti, kai tsaye zuwa kunnenka. Duk shagon nan babu kamarta. Ba abin da take ɓoyewa."

Gaskiya ya faɗa, bawan Allah. Muryar ta fito garau, sai ka ce tana tsaye a bakin kanta. Tela ya ji ƙarar cokali a gefen tukunya. Ya ji famfon nan da har yau bai gyara ba yana ɗiga. Sannan ya ji wani abu da bai taɓa ji ba. Bayan "sabulu" ta tsaya, ta ja numfashi da ƙyar, da wani siririn fito a ƙirji. Bayan "hucewa" ta sake ja. Ashe tun a lokacin ciwon ya kama ta, tun kafin kowa ya yi zancen asibiti, tana tsaye tana dafa masa abinci, tana tsokanarsa.

Ya dafa kantar shagon. Ya jingina da ita.

"Baba, a kawo kujera?"

"Kashe ta."

Ta ukun tsohuwar yayi ce, mai kauri, an ture ta gefe. Mai shago ya ce sifikarta a ƙasa take, tebur take yi wa magana, shi kansa ba zai ba Baba shawarar ɗauka ba. Tela ya ce a sa dai.

Muryar ta fito a dushe, can ƙasa-ƙasa, kamar akwai bango a tsakani. Babu cokali, babu famfo, babu numfashin. Tela ya rufe ido. Haka ya san ta. Duk zamansu, shi yana ɗakin gaba kan keke, ita tana kicin, ta bayan ƙofa take jefo masa magana, rabi ya ji, rabi ƙarar keke ta cinye.

"Ita ce wannan. Naɗe min."

"Baba, waccan ta fi ta nesa ba kusa ba."

"Na sani. Na ji ai."

Mai shago bai ƙara ja ba. Ya nuna masa inda zai danna saƙon ya riƙa maimaita kansa, ya sa shi ya gwada da hannunsa har ya iya.

A gida, Tela bai ajiye ta a ɗakin gaba ba, inda 'yarsa ta ce haske ya fi. Kicin ya kai ta, ya ture gwangwanin gishiri, ya ɗora ta a kan kanta kusa da murhu. Ya danna, ya janyo ƙofa ya bar ta a ɗan buɗe, ya koma kan keke. Akwai wando da ke jiran kalmasa tun shekaranjiya. Ya fara takawa.

"Mai keke," ta kira daga kicin.

Bai ɗaga kai ba, kamar yadda ya saba. Sabulu ya wuce, surutu ya wuce. Sai dai a inda ta tsaya ɗin nan, ƙafarsa ma ta tsaya da kanta. Sifikar ba ta fitar da komai ba, amma shi yanzu ya san abin da ke wurin.

"Ka ji ko? Na san ba ka ji ba."

"Na ji," ya ce wa ƙofar. "Yau kam na ji."