Hannun Malama

"To, amma ai hannunta da ɗumi," in ji autar Malama. "Ku taɓa ku ji."

Likita bai musa ba. Ya dai maimaita abin da ya faɗa jiya: ƙwaƙwalwar ta riga ta mutu, an gwada har sau biyu, na'ura ce kawai ke hura ƙirjin.

Maman Biyu na zaune a gefen gado. Shekara ashirin da shida katanga ɗaya ce tsakaninta da Malama, kuma ita ta tsince ta yashe a tsakar gida kwana biyar da suka wuce. Tun ranar take jin kanta kamar mai tafiya a ƙarƙashin ruwa. Muryoyi daga nesa suke zuwa mata. Labulen taga ya ɗaga ya sauka, ƙirjin Malama ya ɗaga ya sauka, har takan rasa wanne take kallo.

"Baba, ka yi magana mana," in ji babban ɗan Malama. "Wahalar da ita kawai muke yi."

Mijin Malama, tsohon direba, ya juyo a hankali. "Maƙwabciya, ke ce abokiyar sirrinta. Ta taɓa ce miki wani abu kan irin wannan rana?"

Maman Biyu ta so ta ƙirƙiro musu wata magana, ko nauyin ya ragu. Bakinta ya ƙi.

"Wallahi ba ta taɓa ba. Hirarmu ba ta wuce ciwon gwiwa da minsharinka."

Auta ta tuntsire da dariya, dariyar ta rikiɗe ta koma kuka. Tsohon ya matso, ya ɗauki hannun matarsa ya riƙe tsakanin tafukansa. Ya daɗe haka, idonsa a rufe.

"Uwarku hannunta sanyi gare shi," ya ce. "Ko ana narkewa da zafi. Shekara arba'in ina yi mata tsiya, in ce ƙanƙara na aura. Wannan ɗumin ba nata ba ne."

"Baba..." in ji Auta.

"Yi haƙuri, uwata. Ta riga mu tafiya, mu ne ba mu sani ba."

Auta ta goge fuska da bayan hannu. "To, a bari in taje mata kai tukuna."

Maman Biyu ta tallafo kan, Auta ta taje furfurar sili-sili, ba mai gaggawa. Suka yi addu'a. Rana ta karkata lokacin da tsohon ya sa hannu a takardar amincewa, nas ta kai yatsa ga na'urar ta kashe ta.

Shirun ya yi wa Maman Biyu yawa, ta fito baranda. Wata mai aiki ta gama goge daɓe ke nan, ta ja bokitinta ta wuce. Hasken yamma na kwance a kan jiƙaƙƙen simintin, yana bushewa daga gefe-gefe.