Takalmin da Auta Ta Aiko

Ranar da kwalin ya iso, mai aski yana tsakiyar gyara wa wani tsoho gemu. Bai iya jira ya gama ba. Ya ajiye reza, ya yage kwalin, sai ga takalmin hawan dutse, ruwan ƙasa, mai dogon wuya da kauri kamar tayar mota. Tsohon ya leƙo da kumfa a haɓa, ya tambaya ko yaƙi za a tafi.

Auta ce ta aiko, ƙaramar 'yarsa. Tun da ta gama karatu aka tura ta can cikin duwatsu, inda take auna ruwan maɓuɓɓuga tare da abokan aikinta, kuma tun tafiyarta ba ta leƙo gida ba. Waya ma sai ta hau wani tudu take samun layi. Ita ce tun tana ƙarama take share masa gashi a shago tana ba kwastomomi labarin ƙarya, har yanzu in ya juya wajen tsintsiya sai ya ji kamar zai gan ta. Ta ce in hutunta ya zo ba za ta dawo ba, shi zai je, ta kai shi ya ga inda ruwa ke fitowa daga cikin dutse.

Ta yi masa bayani dalla-dalla a waya kan yadda zai saba da takalmin. Ya fara saka shi a cikin gida, kaɗan-kaɗan, da safa mai kauri. Ya ɗaure igiyar sosai a wuyan ƙafa don kada dunduniya ta riƙa goga. Da ya ji wani wuri ya ɗau zafi, ya tsaya ya manna filasta tun fata ba ta tashi ba. Ya ce ya ji, to, ya ji.

Bai ji ba. Gani yake in takalmin ya yi saurin laushi, tafiyar ma za ta matso. Washegari ya zura shi da safarsa ta kullum, ya ƙi shiga mota, ya taka har shago, ya bi ta gadar sama don ya koyi hawa. Ya wuni a tsaye yana zagaya kawunan mutane, kwastomomi na kiransa Soja. Da la'asar ya koma gida yana ɗingishi, yana ƙoƙarin ɓoyewa.

Matarsa ta sa shi ya cire safar. Bororo biyu ne, ɗaya a dunduniya ya fashe, ɗaya a ɗan yatsa ya cika da ruwa. Ta kawo ruwan ɗumi da gishiri, ta ce dutsen da yake wa gaggawa ba guduwa zai yi ba. Ya roƙe ta kada ta gaya wa yarinyar. Ta gaya mata a wayar farko.

Auta ta yi faɗa, ta yi dariya, sannan muryarta ta sauka. Ruwan sama ya cinye hanyar da ke shiga wajensu, an ɗage hutun, sai bayan damina. Mai aski ya ce ba komai, dama ƙafar tana bukatar hutu. Da aka kashe wayar ya daɗe zaune yana kallon bango, matarsa ta bar shi.

Ƙafa ta warke. Wannan karon ya bi a hankali, tsakar gida, bakin layi, sannan kasuwa. Fatar takalmin ta karye daidai inda yatsunsa ke lanƙwasa, ta daina ƙara. Kwastomomi suka gaji da tsokana suka daina. Damina kuwa ta ƙi ƙarewa.

Wata safiya yana saman gadar, motoci na wucewa a ƙarƙashinsa, waya ta yi ƙara. Auta ce, tana haki, ta hau tudunta. Ta ce ya yi shiru ya saurara. Ya toshe ɗaya kunnen da yatsa. Iska ce mai ƙarfi, da wani tsuntsu can nesa, da ruwa yana zuba a kan dutse.

"Baba, takalmin ya saba da kai?"

"Ya saba," ya ce. "Shagon ne dai ya yi mini shiru."

Ya ji ta ja hanci, sai ya yi sauri ya tambaye ta ko tana cin abinci, ko bargon ya ishe ta. Ta ce ma'aikata sun fara zuba duwatsu a hanyar, ta gan su da idonta. Layin ya yanke tana cikin magana.

Ya ɗan ƙara tsayawa da wayar a kunne. Sannan ya sauka ta ɗaya ɓangaren, inda mutum biyu ke zaune a benci suna jiran ya buɗe shago.