Wadda Ke Share wa Likita Zufa

Barau ya riƙe kafaɗun ƙanensa Zubairu, mutum biyu suka kama ƙugu, suka sauko da shi daga bayan motar kamfani. Wani bututun siminti ne ya kuɓuce ya danne ƙafar Zubairu a wurin haƙar hanyar ruwan Bakolori, kusa da Birnin Tudu. A mahautar Talata Mafara labari ya iske Barau, ya bar nama kan tebur ya biyo motar da gudu.

A ƙofar ɗakin tiyata wata tsohuwa mai shara, Dada, ta tare shi da sandar tsintsiya.

"Iyakarka nan, Barau. Ko mu da muke aiki ba mu wuce ƙofar ga sai mun sauya takalmi."

"Matata na ciki."

"Na san matarka. Zauna."

Bai zauna ba. Akwai ɗan gilashi a jikin ƙofar, ya manna fuska.

Tun da matarsa Kaltumi ta dawo daga makarantar nas a Sakkwato take aiki a ɗakin nan, amma bai taɓa ganin cikinsa ba sai yau. Kowa na sanye da koriyar riga har ƙauri, da hula, da farin takalmin roba, an ɗaure baki da hanci da ƙyalle. Idanu kawai ake gani. Dogon da ke tsakiya shi ne Likita Mamuda, sabon zuwan da Kaltumi ke yawan ambata in suna cin tuwo: likita ya ce kaza, likita bai yarda da kaza ba.

Likitan ya ɗaga hannuwa sama, ya juya baya. Wata mace ta matso ta ɗaure masa igiyoyin riga, a wuya, sannan a ƙugu. Wata kuma ta buɗe masa safar hannu ya zura. Barau bai kula da ta biyun ba. Ta farkon ce ya ƙura wa ido: tsawonta, da yadda take karkatar da kai. Kaltumi ce.

Aka soma aiki. Can zufa ta taru a goshin likita. Bai ce uffan ba, bai ko dube ta ba, ya ɗan karkato kai kurum, ita kuwa ta sa ƙyalle ta share masa a hankali. Ya koma kan aikinsa. Jim kaɗan ya sake karkatowa, ta sake sharewa.

Barau ya ƙara manna fuska a gilashin. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinsu, an saba. Ya tuna dariyar abokan sana'arsa ranar da wani ya ce, ai matar Barau a ɗaki ɗaya take wuni da maza, ƙofa a rufe. Ran nan ya zage su. Yau ga shi yana gani da idonsa. Bayansa ana ta kai da kawo, ana kiran wani abu a baranda, bai waiwaya ba. Ko ƙafar Zubairu bai nema da ido ba. Yana tsaye yana shirya maganar da zai faɗa mata: daga yau aikin ga ya ƙare.

Har aka yi la'asar yana wurin. Da ƙofa ta buɗe, likita ya fito ya sauke ƙyallen bakinsa.

"Kai ne yayansa? Mun gode Allah, ba mu yanke ƙafar ba. Zai taka, in sha Allahu."

"Madalla," in ji Barau, idonsa na kan matar da ke biye da likitan. Ta kwance ƙyallenta tana fifita da shi. Wata ce mai zanen Gobirci a kumatu, bai taɓa ganin ta ba.

"Ina Kaltumi?"

Dada ta nuna masa wani ɗaki a ƙarshen baranda. "Ba a barin mutum ya yi aiki a kan ɗan'uwansa. Tun da ta ga ƙanenka ne aka ce ta fita. Sai aka nemi jini. Ana ta kiran dangin Zubairu, kai kana can manne da gilashi kamar an kafe ka. Da na ce in taɓo ka, ta ce in bar ka, tausayin ƙanenka ne ya ɗauke maka hankali. Ita ta ba da nata jinin."

Ya iske ta kwance a kan benci, auduga manne a gwiwar hannunta, leɓenta ya bushe.

"Maigida, sannu. An fito da shi?"

"An fito. Sun ce zai taka."

"Alhamdu lillahi." Ta lumshe ido.

Ya tsaya a kanta, maganar da ya shirya ba ta da wurin zama, kuma ba ta tafi ba.

"Waccan da ke ɗaure mai riga, tana share mai zufa…"

"Safiya ce. Wurina ta karɓa."

"Wato sauran ranaku ke ce."

Ta buɗe ido ta dube shi sosai. "Ni ce. Hannun likita na cikin ciwon mutum, in zufa ta ɗiga ciki, ƙafar ta ruɓe. Gobe ma ni ce, in na iya tashi." Ta ɗago kai daga bencin. "Abin da ka tsaya kallo ke nan?"

Zufa ta tsattsafo a goshinta. Ya miƙa hannu zai share, sai ya ga jinin Zubairu ya bushe a tafinsa har cikin farce. Ya janye hannun, ya fita baranda yana tambayar Dada inda famfo yake.