Takardar Gado na Huɗu

Shekara goma sha tara Malama ta yi tana koyar da Turanci a makarantar sakandare. Ranar da ƙaninta Auta, kafinta mai rufin kwano, ya zame daga saman bene ya faɗo ta baya, tana tsakiyar darasi aka kira ta. Da allin a hannunta ta iso asibiti.

Kwana uku yana kwance a ɗakin masu raunin ƙashin baya, gado na uku daga ƙofa, an ɗaure masa wuya da wani abu mai tauri. Bakinsa dai bai mutu ba, har tsokanar Mama yake wai ta rage kuka kada ta jiƙa wa mutane zanin gado. Amma ƙafafunsa suna miƙe kamar na aro. In Mama ta daɗe tana matsa masa su, sai ya ce, "Kin fara ne?" Sai Mama ta kalli Malama, Malama ta kalli bango.

A gado na huɗu akwai wani direban babbar mota da motarsa ta kife da shi. Shi ba ya magana, silin kawai yake kallo. Matarsa ce mai surutun, 'yar gajeruwa mai fara'a, ta saba da kowa a ɗakin. Da hantsin rana ta uku ta matso kusa da Malama riƙe da takarda.

"Malama, an ce ke ce mai jin Turanci. Don Allah duba mini abin da likita ta rubuta. Tun safe gabana yake faɗuwa."

Rubutun duk a cakuɗe yake, kamar kaza ta yi tono. Kalma ɗaya ce ta fito sarai, har an ja mata layi: complete.

Malama ta san kalmar kamar sunanta. Ko zangon da ya wuce sai da ta ci darasi guda tana rarrabe wa ɗalibai ita da 'yan'uwanta: finished, abin da aka gama ko ya ƙare, whole, abin da ba a gutsure ba, complete kuwa abin da duk sassansa suka cika.

"Ma'anarta cikakke," in ji ta. "Komai ya cika, ba abin da ya ragu."

"Wato bayan nasa lafiya lau?"

Malama ba ta ce e ba, amma ta gyaɗa kai. Matar ta dafe ƙirji tana hamdala, ta fita baranda da waya. Ana jiyo ta tana cewa, "Ku gaya wa tsohuwa ta kwantar da hankalinta, an karanta mini."

Ba a jima ba nas ta zo ta rataye fayil ɗin Auta a ƙarshen gadonsa. Malama ta faki ido ta ɗaga shafin farko. Rubutun likita ɗaya ne, an ja layi iri ɗaya, sai dai an ƙara wa kalmar haruffa biyu a gaba: incomplete.

Malama ta saki shafin. Bai cika ba. Wani abu ya ragu a jikin ƙaninta, kuma ba ta san mene ne ba.

"Me suka rubuta?" Mama ta tambaya.

"Ba su gama rubutawa ba, Mama. Bari in nemo likita."

Aka ce mata likita tana ɗakin tiyata. Ta zauna a bencin ƙarfe da ke ƙofar, warin maganin goge ƙasa yana hawa mata kai. Duk gadon da aka turo sai ta miƙe, ta sake zama. Tana ta juya kalmar a ranta. Ko gwajin ne ba a kammala ba? Da haka ne ai da wata kalmar za a sa. Ko wani ƙashi ne ya ruguje? Ta tuna Auta yana taka katakon rufi ba takalmi, yana waƙa da ƙusa a baki. Ta tuna matarsa da ke gida da tsohon ciki, wadda aka ce wa targaɗe ne kawai. Awa biyu ta yi a wurin.

Da likitar ta fito, wata doguwa mai tabarau, Malama ta tare ta tun ba ta cire hular tiyata ba.

"Likita, ni ce yayar mai gado na uku. Me ya ragu a jikinsa? Ki gaya mini, zan iya ɗauka."

Likitar ta dube ta, sannan ta gane. "Fayil kika karanta? Ai ba shi kalmar take nufi ba, raunin take nufi. Lakar da ke cikin ƙashin baya ita ke kai saƙo ƙafafu. Tasa ta ji ciwo, amma ba duka ba. Da safe na soka masa allura a ƙafar hagu, ya ce yana jin kamar ana taɓa shi daga nesa."

"Zai yi tafiya?"

"Ban yi miki alkawari ba. Amma akwai abin da za mu yi aiki a kai."

Malama ta jingina da bango, hawaye suka zubo. Tana cikin share su ne ta tuna takardar gado na huɗu.

"To in kun rubuta complete fa?"

"Ita ce ba ma son rubutawa. Saƙo ba ya wucewa ko kaɗan."

Da ƙyar Malama ta iya haɗa maganar, ta gaya mata abin da ta yi da hantsi. Likitar ta cire tabarau ta murza ido.

"Na ce wa matar nan ta jira ni da yamma in zaunar da ita," in ji ta. Ba ta ɗaga murya ba. "Taho mu je."

Tafiyar ba ta fi taku hamsin ba, amma Malama ji take kamar ta juya ta gudu. Da suka shiga, ƙanin direban ya riga ya iso. Ya kawo wa wansa riga da wando a goge, takalmansa kuma an jera su a ƙarƙashin gado. Matar ta hango Malama ta washe baki.

"Ga mai albishir ɗinmu nan!"

Likita ta ja labule ya zagaye gadon. Malama ta roƙa a bar ta ta fara magana. Ta durƙusa a gaban matar.

"'Yar'uwa, na yi miki kuskure. Abin da na gaya miki ba haka yake ba. Ban san yadda likitoci suke amfani da kalmar ba, kuma ban ce miki ban sani ba."

Murmushin bai bar fuskar matar nan take ba, a hankali ya riƙa gushewa yayin da likita take bayani.

"Amma ke kika ce komai ya cika," in ji ta. "Na kira kowa. Na kira mahaifiyarsa."

"Ƙyale ta," in ji direban. Ranar ce Malama ta fara jin muryarsa. "Ni na sani tun a cikin motar. Daga cibiya zuwa ƙasa ba na jin komai. Na ga kina murna ne na yi shiru."

Matar ta zauna a ƙasa ta kifa kai a gefen katifa. Malama ta fito daga labulen, ta tarar Mama da Auta sun zuba mata ido. Ta gaya musu nasu labarin da muryar da ba za a ji a gado na huɗu ba.

A sati na biyar babban yatsan ƙafar Auta ta hagu ya motsa. Ya yi wata bakwai kafin ya tsaya da sanduna biyu, kuma bai sake hawa rufi ba, kujeru da ƙofofi yake yi yanzu daga zaune. Direban kuwa an sallame shi tun kafin nan, a keken guragu. Ranar da za su tafi Malama ta ɗauki jakarsu ta raka su har bakin mota. Matar ta karɓi jakar, ta ce Allah ya ba Auta lafiya, ta shiga ta ja ƙofa.